Ajin da Ake Ɗaurewa Daga Waje

A shekararta ta uku a lakwal, wato makarantar boko, yarinyar ta daina shan ruwa da safe. Ba fura, ba koko, ba ko kurɓi ɗaya daga randa. Sai ta ci ɗumamen tuwo a bushe, ta goge baki da bayan hannu, ta ɗauki allonta ta fice. In ta dawo da rana kuwa, sai ta kafa kai a moɗa har sai an ƙwace.

Ɗiyata ce ta fari, don haka ba za ku ji sunanta daga bakina ba. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kuma nuna ta damu da shi a gaban jama'a. Tun da aka yaye ta uwar mijina ta ɗauke ta, a ɗakinta take kwana, ita take kira Inna. Ni kuwa Yaya take ce mini. Gida ɗaya muke, tukunya ɗaya, amma in ina son in san ko ta ƙoshi sai dai in saci kallon kwanonta. Mijina yana can ci-rani a bakin teku kamar yawancin mazan garin, ba ya dawowa sai an ga hadari.

Surukata ta ce iska ce ta taɓa yarinyar. A ƙauyenmu, can tsakanin Kore Mairuwa da Tibiri, ko akuya ce ta yi tuntuɓe sai an sami wanda zai ce doguwa ce ta ratsa. Ta samo turare, ta yi ta banka mata hayaƙi har idon yarinyar ya yi ja. Ni ba hurumina ba ne. Amma na san ruwa ba ya tsami banza. Na yi shekara biyu a kwaleji a Dogon Dutsi kafin ciwon mahaifina ya dawo da ni gida, kuma ni ce na yi ta yi wa mijina naci a ɗaki har ya yarda aka sa ta lakwal. Karatun da ya kuɓuce mini nake so ta kamo.

Wata safiya na aike ta ɗebo mini itace bayan ɗaki, na bi ta, na tambaye ta da murya ƙasa-ƙasa.

Ta ce, "Yaya, in mushe, malamminmu, ya tahi ɗamre mu akai. In na sha ruwa hitsari ka kama ni, kuma babu hita."

Ban gane ba sai da na je da ƙafata. Hanyar injin niƙa ta gaban lakwal take bi, na ɗauki ƙwaryar gero na tafi da hantsi.

Lakwal ɗinmu ɗaki ɗaya gare ta na siminti, nan dirakta, shugaban lakwal ɗin, yake da manyan yara da buhunan wakensa. Sauran azuzuwan na zana ne. Kowace shekara sai an gama girbi, kowane gida ya kawo zana da kara da dirka, a kafa rumfuna, sannan karatu ya fara. Ajin yarinyar shi ne na can ƙarshe, bayansa fili ne inda yara ke buga ƙwallo, daga nan sai gonaki. Tun daga nesa na ji su suna rera waƙar Faransanci, irin wadda suke rerawa tun shekarar farko ba tare da sun san me take cewa ba. Da na matso sai na ga ƙyauren langa-langa a rufe. An zura wayar ƙarfe ta hujin ƙyauren, an zagaya dirka da ita, an murɗe ta tamau daga waje. Babu babba ko ɗaya a ciki. Yara ne cunkus a kan rairayi, sun fi kaji a akurki matsuwa, bangon ciyawa, rufin kara, ƙofa ɗaya.

Na tsaya da ƙwarya a kai. A shekarun nan kowa ya ji a rediyo abin da wuta ta yi wa yara a irin waɗannan azuzuwa a manyan garuruwa, kuma can ma ba a ce an ɗaure musu ƙofa ba. Na kalli zanar nan da ta bushe ƙayau, na kalli wayar. Tsoro ya shige ni a wurin, kuma bai sake fita ba sai da abin da zai faru ya faru.

Yadda aka yi aka fara ɗaurin, daga baya na ji. Mushen ajin, wato malaminsu, saurayi ne ɗan kwantaragi daga Dogon Dutsi, mai moto, wato babur, da baƙin tabarau. Ba mugu ba ne, koyarwar ce dai ba ta gabansa. Yakan zo da safe ya cika allo da rubutu, ya ce su kwafe, in sun gama su yi waƙa, sai ya hau moto ya bi kasuwanni da 'yan kayan salula da yake sayarwa. Ƙarshen wata ya tafi karɓar albashi, sai an gan shi. Yara kuwa da ya ba da baya sai su watse. Ana nan ranar wata kasuwa motar sufeton makarantu ta ratsa, ya ga 'yan lakwal da allunansu suna bin masu ƙosai. Ya sa aka kira dirakta, ya wanke shi tas a gaban mahauta da dillalan awaki. Mai hankali zai ce maganin abin shi ne a zaunar da malami a aji. Diraktanmu ya kwana yana tunani, ya wayi gari da wayar ƙarfe.

Da na koma gida na kasa haƙuri, na faɗa wa surukata. Ta aje mazarin da take kaɗi da shi, ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke, ba ki da kunya? Ɗiyar hwari ta hwa. Ni da nir rene ta ban yi magana ba, sai ke?"

Na ce, "Inna, ba ita ɗai ba ta, ɗiyan mutane na duka."

"To ki bar mutane su yi magana. Ɗamrin ma ya hi. Da can ba kan kwalta suka zuwa ba?"

A nan ta fi ni gaskiya ta wani gefen, shi ne kuma abin da ya ɗaure ni. Kafin a fara ɗaurin wata babbar mota ta kusa take wani yaro a kan kwalta lokacin da ya kamata a ce yana aji. Iyaye da yawa daɗi suka ji da aka kulle. Kowa da abin da yake tsoro, su mota, ni wuta.

Duk da haka na yafa mayafi na je wurin dirakta. Na same shi a gindin bedi, wato darbejiya, da butar shayi, ragonsa na kiwo a ɗaure kusa da shi. Dattijo ne mai taushin murya, mai yawan gaisuwa, irin mutumin da ko kaza ba zai iya kora daga kan shanya ba sai ya nemi shawara. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni, ina ta kewaye-kewaye don kada in ce ɗiyata.

Ya ce, "Baiwar Allah, ɗiyanku nika tsarewa. In na bar su sake, sufeto shi zo shi ishe su kasuwa, wa za a tambaya? Ni na."

Na ce, "Ranka shi daɗe, in wuta ta tashi hwa?"

"Wace wuta? Ki yi muna hwatan alheri."

"To mi ka hana mushe shi zamna cikin aji?"

Ya juya shayinsa daga kofi zuwa kofi. "Bon. Yaron nan ɗan kwantaragi na. In na matsa mai shi aje aikin, wa ka ba ni wani? Madam, ɗayar malamarmu, ta tahi haihuwa, ba a aiko kowa ba. Ni ɗai na, hannuna biyu."

Wallahi da ya yi mini tsawa da ya fi mini sauƙi, sai mu yi ta ta ƙare. Amma yaya za ka yi da mutumin da ke ba ka haƙuri yana murmushi, kuma ka san ko gobe ba abin da zai sauya? Tsoron sufeto ya cika masa ciki har bai bar wa wani tsoron wuri ba. Na tashi raina a ɓace. Na biya wurin shugaban kwamitin iyaye, ƙanen maigari ne, ko zama bai ce in yi ba, ya ce maza sun riga sun amince, in mijina ya dawo ya zo su yi magana. Na kira mijin nawa a salula, ya ce in bari sai ya zo. Kafin in kai gida labari ya riga ni, wai an ga uwar ɗiyar fari tana zarya a lakwal kamar ita kaɗai ta taɓa haihuwa.

Daga nan na zama wata iri. In ina daka, kunnena yana lakwal. In wata ta hura murhu a maƙwabta na ji ƙaurin kara, sai in leƙa ta kan darni in ga ta ina hayaƙin yake tashi. Na ƙona tuwo ya fi a ƙirga. Abin da ya fi ci mini rai kuma, duk wannan kasadar a kan me? Ran nan na miƙa mata gwangwanin tumatir na ce ta karanta mini abin da ke jiki. Ta juya shi, ta sake juyawa, ta rera mini waƙa. Shekara uku, harafi ɗaya ba ta iya haɗawa da ɗan'uwansa, amma littafinta cike yake da rubutu mai kyau da ta zana daga allo kamar mai zanen ƙwarya. Na yi tunanin cire ta, sai in ce wa kaina wataƙila baɗi a kawo malamin kirki, in ta fita kuma ta fita ke nan. Wace ce ta taɓa fita ta koma?

Tunda ba ni da bakin magana a fili, sai na yi abin da zan iya a ɓoye. Ranar wata Lahadi da la'asar na ɗauki lauje da buhu kamar mai neman ciyawar awaki, na zagaya bayan ajin. Na tsuguna a kusurwar gabas, na yanke igiyoyin da suka riƙe zanar da dirka daga ƙasa, na tsaga ta daidai yadda yaro zai iya kutsawa da rarrafe, na mayar da ita na jingina. In ba ka tura ba, ba za ka san an taɓa ba. Washegari na ja yarinyar bayan ɗaki.

Na ce, "Ki riƙa zama kusurwar gabas, can baya. In kin ji ƙaurin hayaƙi, ko kin ji an ce wuta, kar ki nuhi ƙohwa. Ki tura zana da kai, ki hita, ki yi ta gudu. Kin ji ni?"

"Na ji, Yaya."

"Maimaita."

Ta maimaita. Na sa ta sake har sai da na ga idonta ya kawo ruwa. A makon nan na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba.

Amma wa ya taɓa ba yaro asiri ya riƙe? Ta faɗa wa ƙawarta, wata 'yar mitsitsiya da ke zama kusa da ita, don ita ma fitsari na damunta. Ƙawar ta faɗa wa yayanta. Kafin a jima kusurwar gabas ta zama babbar hanya. Ta nan ake fita fitsari, ta nan ake zuwa tsinkar magarya, ta nan awaki suka shiga ranar hutu suka cinye taswirar da ke jikin allo. Dirakta ya gano. Ya tara ajin ya zane su ɗaya bayan ɗaya a kan su faɗi wanda ya tsaga zanar gwamnati. Ta sha nata dukan, ta dawo da sawun bulala a ƙafa, ba ta faɗi sunana ba. Ban iya ko shafa mata man kaɗe ba, kakarta ce ta shafa, ni ina tsaye ina kallon bango.

Sai dirakta ya sake yin tunani, kuma tunaninsa ba ya zuwa da alheri. Ya dakatar da karatun manyan yara na mako guda, ya tura su daji saran ƙaya. Suka jawo aduwa da magarya, aka jibge su jikin zanar ta baya da gefe biyu, tsayin ƙirjin babba, aka danne da duwatsu. Har yabonsa aka yi, wai lakwal ta yi kyau, awaki sun huta. Na je na gani da idona. An gudu ba a tsira ba. Da, ko ba komai, yaro mai ƙarfi zai iya yaga zana ya fita ta ko'ina. Yanzu ƙofar nan ɗaya ce tak, ita ma da waya.

Na ce wa yarinyar ta manta da kusurwar gabas, ta koma kusa da ƙofa. Ta ce manyan yara maza sun kama wurin, ba sa bari. Na ce to ko yaya dai, ta manta da maganar farko. Ta ce to.

Bazara ta shigo da zafinta. Lokacin sharar gona ne, waɗanda suka fara dawowa daga ci-rani suna tara kututturan kara da sassabe suna cinna musu wuta. Kullum da hantsi sai ka ga hayaƙi nan da can a bayan gari. Ni kam na rame, har surukata ta fara zargin ko ciki ne da ni.

Ranar kasuwa ce. Ina tsakar gida ina surfe, sai guguwa ta taso daga gabas, ta kwashe faifan da na rufe ƙwarya da shi. A bayanta sai ƙauri. Kafin in ɗaga kai na ji ihun. Ban taɓa jin irinsa ba, kuma ina roƙon Allah kada in sake. Ba kukan yaro ɗaya ba ne, murya ce guda ta yara masu yawa, siririya, ba ta yankewa.

Ban san lokacin da na fita ba. Ba mayafi, ba takalmi. Guguwar ta ɗebi wuta daga gonar da ke bayan filin ƙwallo ta watsa a tarin karan wani, iska kuma ta kwanto da hayaƙin gaba ɗaya a kan lakwal, baƙi ƙirin, har ba a ganin ajin ƙarshe sosai. Manyan yaran ɗakin siminti sun riga sun tsere. Dirakta yana kasuwa, mushe Allah kaɗai ya san inda yake. Na isa ƙofar. Langa-langar tana ta lanƙwasowa waje saboda turin da suke yi, ƙananan yatsu sun fito ta ƙasa da ta gefe.

"Ku buɗe muna! Ku buɗe muna!"

Na kama wayar. Turin da suke yi ya ja ta ta yi tauri, ta nutse a jikin dirka, ko farce ba ya shiga. Na ce su ja baya, wa zai ji ni? Na murɗa har fatar yatsuna ta sale. Sai a lokacin na ga ashe taɓarya tana hannuna, da ita na yi gudun. Na shiga dukan dirkar. Mata suka iso, wata da gatari, wata da hannu kawai. Muka taru a kan dirkar nan har ta karye daga gindi, ƙyauren ya faɗo da yara a kansa. Suka bulbulo suna tattaka juna, suna tari, wasu sun jiƙe da fitsari, wani hannunsa yana lilo. Kowace uwa tana cafke nata. Ina duba fuskoki, ina ture su, har ajin ya zama ba kowa a bakin ƙofa. Ba ta fito ba.

A nan na kira sunanta. A gaban matan gari, a gaban surukata da ta iso tana haki, na buɗe maƙogwaro na kira sunan da ban taɓa furtawa ba tun ranar da aka raɗa mata shi. Na kira, na sake kira, na kutsa cikin hayaƙin.

A kusurwar gabas na same ta. Ta yaga sabon ɗinkin zanar da hannu, ta tura kai kamar yadda na koya mata, ta shige cikin ƙayar har kafaɗa. Gaba ba hanya, baya magarya ta riƙe. 'Yar ƙawar tata tana bayanta, ta ƙanƙame mata zane. Abin da ka fara zuba wa yaro cikin tsoro, shi yake riƙewa. Na sa hannu biyu cikin ƙayar ina ɓalle ta daga gashinta da wuyanta, ban ji zafi ba sai washegari. Da na jawo ta, fuskarta duk jini, idon hagu a rufe.

Ta ce, "Yaya, na tura da kai. Ba ta buɗe ba."

Wutar ba ta taɓa ajin ba. Da ta cinye tarin karan ta iso filin ƙwallo, ba ta sami abin ci ba, ta mutu da kanta. Muna nan a zube a ƙasa ana yayyafa wa yara ruwa sai ga dirakta da sauri, da igiyar sabon rago a hannu. Ya zagaya ajin, ya shafa zanar, ya dubi rufin. Sannan ya juyo ya ce, "Alhamdu lillahi. Kun gani, ba abin da yaƙ ƙone."

Ban san na tashi ba sai da na ji mata sun riƙe ni. Abin da na faɗa masa ranar ba zai rubutu ba, kuma ban janye ko kalma ɗaya ba.

A moto aka kai mu gidan likita na Tibiri, ni da ita, ina rungume da ita a gaban kowa, wanda zai yi magana ya yi. Aka cire ƙayoyin da za su ciru. Likitan ya ce tsinin aduwa ya shiga ƙwayar idon, ya tura mu Dogon Dutsi. Can suka yi iya yinsu. Idon bai tsiyaye ba, amma fari ya kwanta a kansa, ba ta ganin komai da shi sai haske da duhu.

Muna can aka yi taro a ƙofar maigari. Da muka dawo na tambayi abin da aka yanke. An hana ƙona gona kusa da lakwal sai bayan an tashi. An kuma ce waya ba ta da kyau, daga yau igiya za a riƙa sawa, don ita ko da wuƙa a yanke. Maganar mushe ba ta taso ba, don ya zo taron ya ba da haƙuri, har ya kawo wa yaron da ya karye lemo. A bakin rijiya kuwa abin da ya fi daɗin hira shi ne yadda na kwarara sunan ɗiyar fari kamar mai tallan nono. Surukata ce kaɗai ba ta taɓa tayar mini da zancen ba. Ita ke wanke wa yarinyar idon safe da yamma.

Ranar da aka cire mata bandeji na ɗauki littafin karatun da lakwal ta ara mata, na kai wa dirakta. Yana gindin bedinsa. Na ce ga littafinsu, ba ta dawowa.

Ya girgiza kai cikin tausayi. "Baiwar Allah, wanga shi ka maishe mu baya. Kullum muna hwaɗa, ku bar ɗiya mata su yi karatu. Ke da kin ɗan taɓa boko, ke za ki yi hakan ga?"

Na aje littafin kusa da butar shayin na juya. Ta gaban ajin ƙarshe na bi. An kafa sabuwar dirka, igiyar rama ce a ƙofar, ƙulli uku, suna ciki suna waƙa. Moton mushe ba ya nan.

Na tarar da ita zaune a bakin ɗakin kakarta, ta wanke ƙafa, allonta a kan cinya. Ta ga na dawo hannu wofi. Ta karkato kai don ta dube ni da kyau, yadda take yi tun daga lokacin.

"Yaya, don na yaga zanar lakwal anka kore ni?"

Na zauna kusa da ita a ƙasa, abin da ban taɓa yi ba.

Na ce, "Ba korar ki anka yi ba. Ni nic cire ki."

Na jira ta tambaye ni dalili, ko ta yi kuka, da na sami abin cewa. Ba ta yi ko ɗaya ba. Can ta tashi, ta shiga ɗaki ta aje allon, ta fito da ɗan tulunta. A ƙofar gida 'yan matan da ba a taɓa sa su lakwal ba suna wucewa zuwa rijiya, ta bi bayansu.